Kowace Kasuwa da Tiyarta: Al'ada da Gaskiya a Tarihin Damagaram



Duk wanda ya taɓa cin kasuwa nesa da gida ya san tiya ba ɗaya ba ce. Ta wani gari ta fi ta wani zurfi. Wani wuri a tula hatsi ya yi tozo, wani wuri a shafe baki. Ba a faɗa a kan haka. In ka je kasuwar mutane, da tiyarsu za ka auna.

To, akwai masu cewa haka zancen kirki da mugunta yake. Wai kowace al'umma da tiyarta. Abin da mutanen gari suka ɗauka daidai, to daidai ne gare su, baƙo ba shi da ta cewa. Wai babu wata babbar tiya da za a auna al'adun duniya duka da ita. Mu ma muna da karin magana mai kama da wannan. Mukan ce in ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma nemi ka ɗaura.

Shin wannan magana gaskiya ce? In gaskiya ce, ina iyakarta? Tambayar ba ta malaman makaranta kaɗai ba ce. Ta shafi aure, ta shafi gado, ta shafi yadda babba ke riƙe da ƙarami. Bari mu nemi amsa cikin tarihin ƙasarmu ta Damagaram.

Maganar ta daɗe

Fiye da shekara 2,400 da suka wuce, wani marubuci na ƙasar Girka mai suna Hirodotus ya ba da labarin Dariyus, sarkin Farisa. Sarkin ya kira Girkawan da ke fadarsa. Su al'adarsu ƙona gawa. Ya tambaye su nawa zai biya su ci gawar iyayensu. Suka ce ko nawa ne ba su yi. Sai ya kira wata ƙabila ta ƙasar Indiya, waɗanda aka ce su cin gawar iyaye shi ne girmamawa a wurinsu. Ya tambaye su nawa zai biya su ƙona iyayensu. Suka yi kururuwa, suka roƙe shi ya bar wannan mugun zance. Hirodotus ya ce ka ga, kowa nasa yake gani ya fi.

A zamanin baya-bayan nan, wanda ya ɗaga wannan ra'ayi shi ne wani malami, Faranz Bowas. An haife shi a Jamus a 1858, ya yi koyarwa a Amurka, ya rasu a 1942. A lokacinsa Turawa da yawa suna jera mutanen duniya kamar matakan tsani. Sun sa kansu a sama, sun sa baƙar fata a ƙasa. Bowas ya ƙi wannan. Ya ce kafin ka yanke wa al'adar mutane hukunci, zauna da su, ka ji harshensu, ka gane dalilinsu. Wannan shawara ce mai kyau, ta kuma taimaka wajen rage raini.

Amma wasu sun kai maganar nesa. A 1947, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke shirya takardar haƙƙin ɗan Adam, ƙungiyar malaman nazarin al'adu ta Amurka ta rubuta mata gargaɗi. Ta ce a yi hattara, kada a ɗauki tiyar Turawa a ce ita ce ta duniya. Duk da haka aka fitar da takardar ran 10 ga Disamba 1948, kuma a cikinta an hana bauta ko'ina. Tun daga nan ake ta gardama.

Damagaram, mahaɗar mutane

Masarautar Damagaram ta kafu bayan shekarar 1730. Wanda ya kafa ta ana kiransa Malam, kuma asalin gidan daga wajen Barno yake. A farkon ƙarni na 19, zamanin Sarki Sulaimanu, aka mai da gidan sarauta Zinder. Sarki Tanimu, wanda ya riƙe ƙasar daga 1851 zuwa 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa, ya kuma sa maƙera suka ƙera igwa a nan gida.

Gari ne na fatauci. Ayarin Buzaye na saukowa daga Abzin da gishirin Bilma da dabino, su sauka a Zango. Larabawan Gadamas da Tarabulus na zuwa sayen fatu da gashin jimina. Fatake na zuwa Kano da Kukawa suna dawowa. A kasuwa ɗaya za ka ga Babarbare, da Bahaushe, da Bafulatani, da Buzu, da Batube, da Balarabe.

Kowannensu kuwa da halinsa. Buzu namiji shi ke rufe fuska, matarsa fuskarta a buɗe. Samarin Fulani na shan bulala a sharo, wanda bai saba ba ya ga kamar hauka. Arna a ƙauyuka na yanka ga iskokin kakanninsu, malamai a Birni na karatun Alƙur'ani. Da kowa ya ce sai an bi tasa, da kasuwar ba ta ci ba ko rana ɗaya.

Magabata sun samo wa wannan magani. Akwai haƙuri da baƙo. Akwai wasan taubasai, irin wanda ke tsakanin Barebari da Fulani, inda za ka zolayi mutum a kan abincinsa da maganarsa, a yi dariya, a rabu lafiya. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan wasa na Nijar cikin abubuwan gado na duniya. A nan kam masu cewa kowace kasuwa da tiyarta sun yi gaskiya. Tufafi, da abinci, da gaisuwa, da kitso, da kiɗan biki, ba abin faɗa ba ne. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Wasiƙun malamai biyu

Kada a zaci sai da Turawa suka zo muka fara tunani a kan wannan. A 1808 yaƙin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kai Barno, har Birnin Gazargamu ya faɗi. Damagaram kuwa a lokacin tana bin Barno. Sai wani babban malamin Barno, Shehu Laminu, watau Alkanemi, ya rubuta wa mutanen Shehu wasiƙa. Ya tambaye su dalilin da ya sa suke yaƙar Barno suna kama ƴaƴa suna bautarwa.

Shehu Laminu bai yi musun cewa akwai munanan al'adu a Barno ba. Ya yarda ana yanka a wasu wurare, ana cin hanci, ana cin dukiyar marayu. Amma ya ce waɗannan saɓo ne da jahilci, kuma babu ƙasar da ba a samunsu, har da Masar. Ya ce maganinsu wa'azi da koyarwa. Muhammadu Bello ya mayar da amsa. Ya ce sarakunan Barno sun taimaki abokan gāban jama'ar Shehu, kuma wasu al'adun sun wuce saɓo. Bello ya adana wasiƙun cikin littafinsa Infaƙul Maisuri.

Ku lura da abu ɗaya. Cikin su biyun babu wanda ya ce kowa ya yi abin da ya tarar. Duk sun yarda akwai ma'auni, gardamarsu a kan yadda za a yi awon ce. Abin da Shehu Laminu ya ƙara shi ne: kada ka yi gaggawar la'antar al'umma dukanta, kuma kada laifin wasu ya zama maka hujjar zaluntarsu.

Abin da baƙo ya gani a 1851

A watan Janairu na 1851 wani Bature ɗan Ingila, Jemis Ricadsan, ya iso Zinder. Ya ƙetaro Sahara daga Tarabulus tare da Bajamushen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim. Sun rabu a Damargu, Barth ya nufi Katsina da Kano. Zamanin Sarki Ibrahim ne. Ricadsan ya yi makonni a garin, yana rubuta abin da ya gani kullum.

Ya rubuta cewa sarki ya fita hari don ya samu abin biyan bashin da fatake ke binsa. Ya ga ranar da aka dawo. Ya ga an shigo da kamammu a jere: yara ƙanana, da mata masu goyo, da tsofaffi. Ricadsan bai kai gida ba. Ya rasu a hanyar Kukawa cikin watan Maris na wannan shekara, amma takardunsa sun kai Ingila, an buga su.

Faɗin wannan ba cin mutuncin magabata ba ne. Ba Damagaram kaɗai ke yi ba. Haka ake yi a Barno, da Kano, da Katsina, da Abzin. Wasu bayin a kai su Kukawa cikin gaisuwar shekara. Wasu a ƙetara Sahara da su. Wasu su yi noma a gandu. Wasu kuwa su girma a fada har su riƙe sarauta. Ƙasar su Ricadsan ma ta daɗe tana jigilar bayi a teku, sai a 1807 ta hana cinikin. Faransa ta ƴanta bayin ƙasashen da take mulka a 1848, shekara uku kacal kafin zuwansa. A Amurka bauta ta kai 1865, a Barazil ta kai 1888.

To, tun da kowa na yi, sai mu ce daidai ne a zamaninsu? Kafin mu amsa, mu tambaya: al'adar wa? Mai harin ya ce al'ada ce. Mai sayen ya ce al'ada ce. Matar da aka raba da ɗanta fa, wa ya tambaye ta? Ita ma ƴar ƙasar ce, harshe ɗaya suke ji. Ba ta bar mana takarda ba, amma bayi sun ba da amsa da ƙafafunsu. Sun yi ta gudu. Sun yi ta biyan murgu suna tara kuɗin fansar kansu. Mutum ba ya gudun abin da yake ganin alheri ne gare shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Malamai ma ba su yi shiru duka ba. Tun a 1615 Ahmad Baba na Tumbutu ya rubuta fatawa a kan bayin da ake kai wa arewa. Bai hana bauta gaba ɗaya ba. Amma ya ce baƙar fata ba dalilin bauta ba ce, kuma mutanen Barno da Kano da Katsina Musulmi ne, haram ne a mallake su. Addini kuma ya sa ƴanta bawa cikin manyan ayyukan lada da kaffara. Ke nan a cikin gida ɗaya akwai murya biyu: mai cewa haka muka gada, da mai cewa wannan zalunci ne.

Laifi tudu ne

A 1898 wani sojan Faransa, Kaftin Kazamaju, ya sauka Zinder. Sarki Amadu Kuran Daga ne a gado. Shekara biyar kafin nan Rabe ya ci Kukawa, kuma a fada ana tsoron baƙon nan zai je ya haɗa kai da shi. Ran 5 ga Mayu 1898 aka kashe Kazamaju da tafintansa. Faransawa suka ce wannan cin amanar baƙo ne, aikin mutanen da ba su waye ba. Suka ƙudura ramuwa.

Yanzu ku dubi waɗanda aka aiko da sunan wayewa. A farkon 1899 rundunar Bule da Shanwan ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufo gabas. Inda duk ta bi sai wuta. A watan Afrilu ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. A watan Mayu ta afka wa Birnin Ƙonni, ta kashe mutane masu yawan gaske. Labari ya kai Faransa. Gwamnatinsu ta aiko Kanar Kolob ya tsai da su. Ya biyo sawunsu, yana tarar da garuruwa ƙonannu da gawawwaki. Ran 14 ga Yuli 1899, a Ɗankori wajen Tasawa, Bule ya sa aka harbe shi. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya musu, suka kashe Shanwan da Bule. Kaburburansu na Maijirgi.

Sauran rundunar ta ci gaba. A ƙarshen Yuli aka gwabza a Tirmini, aka ci Zinder. Cikin watan Satumba aka kashe Kuran Daga.

In da gaske kowa da tiyarsa, to me za mu ce wa Bule? Zai ce haka yaƙi yake a wurinmu, ku ba ku da ta cewa. Mutanen Ƙonni ba za su yarda ba, mu ma ba mu yarda ba. Har Kolob, ɗan ƙasarsu, bai yarda ba, ya kuma mutu a kan haka. Ashe mai rauni shi ya fi kowa bukatar a ce akwai ma'auni ɗaya. In babu shi, tiyar mai bindiga ita ce tiya.

Tiya biyu a hannun mai mulki

Da mulkin Nasara ya zauna, sai suka ce za su girmama al'ada. Dokar da suka kafa wa Afirka ta Yamma a 1903 ta ce kotunan ƴan ƙasa su yi shari'a da al'adar wuri, muddin ba ta saɓa wa wayewar Faransa ba. Amma wa ke faɗin abin da ya saɓa? Kumandan.

A 1906 suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da shirya tawaye. Suka tuɓe shi, suka kai shi Kodibuwa. Suka ɗora Ballama, bawan fada, a kan ƙasar. Sai a 1923 aka mayar da sarauta gidanta. A nan ba su tuna da al'ada ba.

Ran 12 ga Disamba 1905 sun fitar da dokar hana sayar da mutum da bautar da shi. Wannan abu ne mai kyau, ko daga hannun wa ya fito. Amma sau da yawa kumandodi sun kau da kai ga bayin da ke gidajen manya, don suna bukatar manyan su tara musu haraji. A nan sai suka tuna da al'ada.

Su da kansu kuma suka kawo aikin dole. Gardi ya zo ƙauye, a ɗebi majiya ƙarfi, a tafi da su ɗaukar kaya, da gyaran hanya, da gini. Kumandan na da ikon kulle mutum har kwana 15 ba tare da shari'a ba. A ƙasarsu ba a yi wa ɗan Faransa haka. Sai a 1946 aka soke wannan, bayan wakilan Afirka irin su Ufuwet Bwanyi na Kodibuwa sun tsaya a majalisar Faransa.

Kowa ya san sunan mai saye da babbar tiya ya sayar da ƙarama. A kowace kasuwa sunansa macuci.

Shari'ar Hadijatu Mani

Kada mu ce wannan duk labarin da ne. A 1996, a yankin Ƙonni, an sayar da wata yarinya ƴar shekara 12, Hadijatu Mani, a kan jika 240. Wanda ya saye ta ya mai da ita wahaya, watau mace ta biyar wadda ba a ɗaura mata aure ba. Ta yi shekaru tana aikin gida da na gona, ta haifa masa ƴaƴa.

A 2003 Nijar ta yi dokar da ta ce bautar da mutum babban laifi ne, hukuncinsa ɗaurin shekara 10 zuwa 30. A 2005 mutumin ya ba ta takardar ƴanci, amma ya hana ta tafiya, ya ce ai matarsa ce bisa al'ada. Wata kotu ta goyi bayansa. Da ta auri wanda take so, sai aka ɗaure ta, wai ta yi aure kan aure.

Ƙungiyar Timidriya, wadda ƴan Nijar suka kafa a 1991, ta tsaya mata. Sunan da harshen Buzaye ne, ma'anarsa ƴan'uwantaka. Aka kai ƙara kotun ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO. Ran 27 ga Oktoba 2008 kotun ta zauna a Yamai. Ta ce abin da aka yi wa Hadijatu bauta ce, kuma gwamnati ta kasa kare ta. Ta umarci a biya ta diyyar miliyan 10.

Ku duba da kyau. Mai ƙarar ƴar Nijar ce. Masu taya ta ƴan Nijar ne a gaba. Alƙalan ƴan Afirka ne. Yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, wadda shugabanninmu suka amince da ita a 1981, ita ma ta hana bauta. Ba wanda zai ce tiyar baƙi ce aka auna mu da ita.

Yadda za mu yi awo

Me muka koya? Na farko, kada mu raina abin da ba mu gane ba. Baƙo ko da idonsa makaho ne. In ka ga al'adar wasu ta ba ka mamaki, yi tambaya tukuna. Sau da yawa a ƙarƙashin bambancin akwai abu ɗaya. Girkawa da mutanen Indiya na labarin Dariyus sun saɓa a kan gawa, amma duk girmama iyaye suke nufi.

Na biyu, kalmar "haka muka gada" ba ta isa hujja ba. Mai hari ya faɗe ta, kumandan ya fake da ita, ubangidan Hadijatu ya kai ta kotu. Al'ada ba dutse ba ce. Mutane suka yi ta, mutane ke gyara ta. Kakanninmu sun bar abubuwa da yawa da suka tarar, ba su kuwa daina zama Damagarawa ba.

Saboda haka in gardama ta tashi a garinku a kan wata al'ada, ko ta aure ce, ko ta gado, ko ta aikin yara, ko ta gorin asali, ga tambaya uku. Wa ke cin moriyarta, wa ke ɗaukar nauyinta? Wanda ke ɗaukar nauyin, an bar shi ya yi magana ba tare da tsoro ba? Mai kāre ta zai yarda a yi wa ɗansa ko ɗiyarsa haka?

Al'adar da ta tsallake waɗannan tambayoyi, mu riƙe ta da hannu biyu, mu koya wa yara, ko da duniya duka ta yi mata dariya. Wadda ta kasa, mu zauna da dattawa da malamai da mata mu gyara ta da kanmu, tun kafin wani ya zo ya gyara mana da sanda.

Allah ya ba mu ikon yin awo da gaskiya.